Baƙon da ke shiga taro ba sallama: yadda manhajojin rubuta bayanan taro suka bambanta

Ma'aikacin ofis a Legas ya saba da wannan yanzu. An shiga taro a Zoom ko Google Meet ko Teams, ana gaisawa, ana jiran wanda cunkoson gadar Third Mainland ya riƙe ya samu inda zai raɓe ya kunna waya, sai wani suna ya ɓullo a jerin mahalarta. Babu fuska, babu sallama. An rubuta Otter ko Fireflies ko Fathom ko Read AI, sau da yawa haɗe da sunan wani abokin aiki. Ana tashi, kafin mutum ya kurɓi ruwa, imel ya shigo: ga abin da aka tattauna, ga abin da aka yanke, ga aikin da aka ɗora wa wane. Wani lokaci har wanda bai halarta ba sai ya ga nasa.

An daɗe ana tafiya a haka ba a cika tankawa ba. A 2025 ne abubuwa biyu suka sa aka fara tambayar ko wane ne wannan baƙo. A watan Agusta aka kai ƙarar kamfanin Otter wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta Amurka, bisa zargin naɗar maganar mutanen da ba su ba shi izini ba, da amfani da ita wajen horar da injinsa. Zargi ne da aka gabatar, ba hukunci ba. Sannan a ranar 19 ga Satumba, umarnin aiwatar da dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wanda ake kira GAID, ya fara aiki. Wani ofis ya hana waɗannan manhajoji baki ɗaya, wani ya saya wa ma'aikatansa, wani bai ma san suna shiga tarukansa ba. Mai ƙaramin kamfanin jigila a Apapa, da akawun banki a Marina, da sakataren ƙungiyar 'yan Arewa a Agege, duk tambayarsu ɗaya ce: wacce za a ɗauka, kuma ɗaukarta ba za ta jawo magana ba?

## Abin da injin yake yi a zahiri

Ana kiransu mataimakan taro masu ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Ayyuka uku suke yi a jere, kuma wanda bai rarrabe su ba zai sha wuya wajen gane inda kuskure yake fitowa.

Na farko shi ne sauraro: injin yana mayar da murya rubutu, kalma bayan kalma. Na biyu shi ne rabon magana, wato gane cewa wannan jimla ta Hajiya ce, waccan ta manaja ce. Na uku shi ne taƙaitawa, inda wani injin dabam, irin wanda ke bayan ChatGPT, yake karanta rubutun ya fitar da muhimman batutuwa da jerin ayyuka. Wasu suna ba da damar a yi masa tambaya daga baya, kamar a ce, me aka ce game da kuɗin kwastan a taron Talata?

Abin lura shi ne, mai taƙaitawar bai ji taron ba. Rubutun da na farko ya miƙa masa kawai yake gani. In rubutun ya lalace, ba zai ce ban gane ba. Zai ɗinke ɓarakar da Turanci mai santsi, har mai karatu ya ɗauka haka aka faɗa.

Otter da Fireflies duk an kafa su a 2016, amma kasuwarsu ta buɗe ne da kullen korona, wanda ya fara a Legas a ƙarshen Maris 2020 ya mayar da taruka kan allo. Fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022 ta sa taƙaitawa ta yi kyau ta yi araha. A gida kuma, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa kuɗin mota daga Agege ko Ikorodu zuwa Victoria Island ya zama abin lissafi, har gwamnatin jihar ta ba wa ma'aikatanta damar yin aiki daga gida wasu ranakun a farkon 2024. Taro ta allo ya zauna, mai rubuta shi ya biyo baya.

## Ƙofa uku da suke shigowa

Tallace-tallace suna jera sunaye goma ko ashirin kamar kowanne duniyarsa dabam. A gaskiya babban bambancin bai wuce ta wace ƙofa manhajar take shiga taron ba, domin ƙofar ce ke nuna wa ya san ana naɗa, kuma a hannun wa rubutun zai zauna.

Ƙofa ta farko ita ce ta ɗan aike. A nan Otter da Fireflies da Fathom da Read AI da tl;dv suka yi suna. Mutum ya haɗa manhajar da kalandarsa, ita kuma ta riƙa tura wakili ya shiga taro kamar sauran mahalarta. Amfaninta a fili yake: ba ruwanta da ko taron na Zoom ne ko Meet ko Teams, don haka wanda ke hulɗa da kamfanoni dabam-dabam yana tara komai wuri ɗaya. Akwai kuma wata fa'ida da mazaunin Legas zai fi kowa ganewa. Ɗan aiken ba daga wayarka yake shiga ba, daga na'urorin kamfaninsa yake shiga. In an ɗauke wuta, ko sabis ya yanke ka faɗo daga taron, shi yana ciki yana rubutu, kuma ba datarka yake ci ba. Ka dawo bayan minti goma ka karanta abin da ya wuce ka.

Matsalarsa kuma daga wannan biyayyar take. In ba a gyara saitinsa ba, yana iya shiga duk taron da ke kalanda, har wanda mai shi bai je ba, ya kuma aika taƙaitawa ga duk wanda sunansa ke cikin gayyata. A 2024 jaridar Washington Post ta kawo labarin wani injiniya da ya yi taro da masu zuba jari. Ya fita, su suka zauna suna tattauna sirrin kamfaninsu, sai Otter ya aiko masa da rubutun duka, har da abin da aka faɗa a bayan idonsa. A mayar da labarin gida: dillali da mai kaya sun gama ciniki da baƙo, baƙon ya fita, Alhaji ya ce wa yaronsa, "Ai ko ya rage kashi goma za mu sallama." In ɗan aiken na baƙon ne, maganar ta riga ta tafi. Magana zarar bunu ce dama, to balle an samu mai tattara bunun. Read AI kuma an fi kuka da shi kan saurin yaɗuwa: wanda aka aiko wa taƙaitawa yakan buɗe asusu don ya karanta, daga nan shi ma wakilin ya fara bin tarukansa, abin da ya sa wasu jami'o'in Amurka suka toshe shi.

Ƙofa ta biyu ita ce ta 'yan gida, wato mataimakin da ke cikin manhajar taron kanta. Zoom ya fito da AI Companion a Satumba 2023, ya haɗa shi cikin kuɗin da masu biya suke biya. Microsoft yana da Copilot a Teams. Google ya ƙara wa Meet mai ɗaukar bayani a Agusta 2024, wanda ke ajiye rubutun a Google Docs. Waɗannan ba sa bayyana a matsayin baƙo, amma kowa yana ganin sanarwa a allonsa cewa an kunna. Yawanci mai taron ne ke da ikon kunnawa, kuma rubutun yana zama cikin asusun kamfani, inda sashen kwamfuta zai iya sa masa ƙa'ida. Shi ya sa bankuna da manyan kamfanoni suka fi natsuwa da su. Sai dai kowanne ya fi ƙarfi a gidansa. In taron na wani kamfani ne, kai baƙo ne, samun rubutun ya danganta da alherin mai gida.

Ƙofa ta uku ba ta da ƙyaure. Granola, wani kamfanin Landan, da Jamie na Jamus, suna zama a kwamfutar mutum suna sauraron abin da ke shiga makirufo da abin da ke fita ta lasifika. Babu wakilin da zai bayyana. Granola yana barin mutum ya riƙa rubuta 'yan kalmominsa, daga baya ya cike masa giɓin, kuma kamfanin ya ce ba ya ajiye muryar, rubutu kawai. Irin wannan ne ke iya aiki a zaman ido da ido, da kiran da wakili ba ya iya shiga, kamar na WhatsApp da aka yi ta kwamfuta. Masu sonsa suna cewa ya fi ladabi, ba ya tsorata baƙo. Masu suka suna cewa wannan ladabin shi ne matsalar, tunda sauran mahalarta ba su da hanyar sanin ana rubuta su sai in an gaya musu. Kuma in kwamfutar ta mutu ko sabis ya yanke, rubutu ya tsaya nan. Wasu masu ɗan aike ma sun fara ƙara wannan hanya, don haka sunan manhaja kaɗai ba ya nuna ta inda ta shigo.

Wani ɗan labari a gefe. A Nuwamba 2025, Sam Udotong, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Fireflies, ya bayyana cewa a 2017 shi da abokinsa ne suke shiga tarukan mutane da sunan Fred, su yi tsit suna rubutu da hannu, ana biyansu dala 100 a wata. Kamfanin ya wuce nan tuni, har an ƙiyasta darajarsa dala biliyan 1 a 2025. Amma labarin ya tuna wa mutane cewa mai shiga taro ba fuska, ba a san abin da ke bayansa ba.

## Kunnen inji da bakin mutanen Legas

Nan ne jadawalin kwatance da ake yi a ƙasashen waje yake daina amfani. Wanda ya gwada manhaja da Turancin Kalifoniya a ɗaki shiru ya ce ta yi daidai, bai yi ƙarya ba. Taron Legas ne ba haka yake ba.

A ɗauki jimla ɗaya daga taron masu fiton kaya: "Alhaji, wallahi container ɗin bai fito ba, dem never release am, sai Monday in Allah ya yarda." Harshe uku a numfashi ɗaya, ga janareta na ruri a baya, ga kwandastan danfo na kiran Oshodi ta wayar wani da ya manta bai kashe makirufo ba. Yawancin manhajojin an gina su ne a kan a zaɓi harshe ɗaya ga taro ɗaya. In an saita Turanci aka shiga Hausa, abu biyu ne ke faruwa: ko injin ya tsallake wurin, ko ya cusa kalmomin Turanci masu kama da sautin da ya ji. Na biyun ya fi haɗari, domin mai taƙaitawa zai ɗauke su ya gina magana a kai.

Dalilin ba wani asiri ba ne. Inji yana gane abin da ya sha ji ne. Whisper, injin sauraro da OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, ya saki a 2022, an horar da shi da sa'o'i 680,000 na murya, mafi yawansu Turanci. Hausa da Yarbanci suna cikin harsunan da ya taɓa, amma ba su shiga jerin waɗanda kamfanin ya lissafa a matsayin masu inganci ba, jerin da sharaɗinsa shi ne kuskure ya gaza rabin kalmomi. Saboda haka in manhaja ta ce tana jin harshe sama da 100, kamar yadda Fireflies ke talla, abin tambaya ba wai ko sunan harshe na cikin jerin ba ne, a'a, kalma nawa take kamawa cikin goma. Otter ya daɗe a kan Turanci kaɗai kafin ya ƙara Faransanci da Sifaniyanci. Mai ɗaukar bayani na Google Meet shi ma da Turanci ya fara, sannan aka ƙara wasu harsunan Turai da Asiya.

Ko Turancin ma, karin harshe yana da tasiri. Wani bincike na jami'ar Stanford a 2020 ya gwada injinan sauraro na Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft, ya samu kuskuren kashi 35 cikin ɗari a maganar baƙaƙen fatar Amurka, da kashi 19 a ta fararen fata. Injinan sun inganta sosai tun daga lokacin, kuma Turancin ofis na Najeriya da aka yi a natse yanzu yana fita da kyau. Inda suke tuntuɓe har yau shi ne sunaye da lambobi. Abdulƙadir, Hauwa'u, Oyindamola, Ojuelegba, Dawanau: kowanne na iya fitowa da kama uku a rubutu ɗaya. Fifteen da fifty a layi mai karkarwa ba su da maraba. Ɗan kasuwa in ya ce "two point five", abokin cinikinsa ya san miliyan ake nufi kuma naira ce, inji yana iya liƙa mata alamar dala. Wasu manhajojin suna ba da wurin shigar da sunaye da kalmomin sana'a tun kafin taro, kuma wannan ɗan aikin yana rage ɓarna fiye da sauya manhaja.

Akwai kuma ƙirƙirar abin da ba a faɗa ba. A Oktoba 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito masu bincike sun samu Whisper yana ƙago jimloli, har a rubutun asibiti. An fi ganin haka a wuraren da aka yi shiru. Taron da ake yawan cewa "kuna jina?" cike yake da irin wannan shirun.

Rabon magana ma yana da tarko. Manhajoji da yawa suna dogara ne da sunan da kowa ya shiga da shi. A ofisoshinmu kuwa an saba mutum shida su zagaye kwamfuta ɗaya don tattalin data. Sakamakon: duk abin da shidan suka faɗa a rubuta shi da sunan mai kwamfutar, har da wanda ya soki shawarar oga.

Mafi wuyar duka ba kalma ba ce, manufa ce. Bahaushe in ya ce wa babba "to, ranka ya daɗe, za mu duba", ko "Allah ya kai mu", ko "ba laifi, sai mun yi magana", duk wanda ke wurin ya san ko amincewa ce ko ƙi ne cikin ladabi. Ko da an faɗe su da Turanci, mai taƙaitawa an horar da shi ya nemo yanke shawara da wanda zai aiwatar, don haka yakan mayar da kawaici alkawari. Mutumin Legas ya ce "I dey come" ya tashi ya fita, inji ya rubuta yana tafe.

Ana aikin cike giɓin a gida. Kamfanin Intron yana gina injin sauraro don karin harshen 'yan Afirka, kuma masu bincikensa sun tattara sa'o'i 200 na Turanci daga kare-karen harshe 120 a ƙasashe 13. A Satumba 2025 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da N-ATLAS, wani injin harshe da aka gina tare da kamfanin Awarri don Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya. Waɗannan tubala ne da masu gina manhaja za su ɗora a kai. Wanda zai shiga taro gobe da safe, manyan sunayen nan na waje ne a gabansa.

## Lissafin aljihu

Farashi yana canzawa, amma tsarinsa ɗaya ne: kyauta mai iyaka, sai biya da dala kan kowane mutum a wata. Otter na kyauta yana ba da minti 300 a wata, kuma ba ya wuce minti 30 a zama ɗaya, wanda a taron Legas gaisuwa da jiran mutane na iya cinye rabinsa. Fathom ya yi suna da barin a naɗa ba adadi kyauta, sai ya taƙaita manyan ayyukan taƙaitawa. Matakin farko na biya a yawancinsu yana tsakanin dala 10 zuwa 20. Copilot na Microsoft ya fito a Nuwamba 2023 a kan dala 30 ga mutum ɗaya, ban da kuɗin lasisin da ake biya dama.

In an ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, dala 30 naira 45,000 ke nan, sama da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 85,000 da jihar Legas ta sanar a 2024. Ofis mai mutum goma a kan dala 15 zai fitar da naira 225,000 duk wata, kafin harajin VAT na kashi 7.5. Shi ya sa ofishin da ke biyan Zoom ko Google Workspace dama, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara duba abin da ke cikin kuɗin da ya riga ya biya. Kuma ba kowa ke buƙatar lasisi ba, mai kiran taro kaɗai ya isa a ƙananan wurare.

Na kyauta yana da nasa farashin. Ikon sa ranar goge rubutu, da hana ma'aikaci rabawa waje, da yarjejeniyar kare bayanai a rubuce, galibi suna matakin da ake biya ne. Ma'aikacin da ya buɗe asusun kyauta da imel ɗinsa na kansa, ranar da ya bar aiki da tarukan kamfanin zai tafi.

## Ina muryar take zuwa, kuma me doka ta ce

Yawancin kamfanonin nan na Amurka ne, kuma can ake sarrafa muryar in ba an yi wani shiri na musamman ba. tl;dv da Jamie na Jamus ne, suna ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai. Kan batun horar da inji kuwa, matsayinsu ya bambanta. Otter ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa yana horarwa da murya da rubutun da aka cire wa alamun mai su. Fireflies ya ce ba ya yi. Zoom ya sha suka a Agusta 2023 kan wani sauyi a sharuɗɗansa, daga baya ya fito ya ce ba ya amfani da murya ko bidiyo ko hirar abokan ciniki wajen horarwa. Microsoft da Google sun yi irin wannan alkawari ga asusun kamfanoni. Duk waɗannan maganar kamfanonin ce game da kansu.

A Najeriya, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin mutum, har da maganarsa ta waya. Dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023 ta kafa hukumar kare bayanai, wato NDPC, wadda Dakta Vincent Olatunji ke shugabanta. Dokar ba ta ambaci manhajar taro da suna ba, amma murya da suna da abin da mutum ya faɗa bayanansa ne. Nauyin farko yana kan wanda ya yanke shawarar a naɗa, wato ofishin ko ma'aikacin da ya gayyato manhajar, ba kamfanin da ke ƙetare kaɗai ba.

Dokar ta ba da dalilai da dama da za a iya dogara da su, ciki har da amincewar mutum, da cika yarjejeniya, da halastacciyar buƙatar mai sarrafa bayanan. A nan ake samun saɓani. Wasu na ganin ganin sunan wakili a allo ya wadatar, wanda ya zauna ya yarda ke nan. Wasu na nuni da cewa dokar ta faɗa ƙarara shiru ko rashin motsi ba amincewa ba ne, kuma ƙaramin ma'aikaci ko mai neman aiki ba shi da bakin cewa a fitar da wakilin oga. Ko wane dalili aka dogara da shi, sanar da mutane wajibi ne: me ake ɗauka, don me, wa zai gani, har yaushe. Mutum yana da haƙƙin neman kwafi, da gyara, da gogewa.

Wasu bayanan dokar ta ba su kariya ta musamman: lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago, da alamun jiki da ake gane mutum da su. Manhajar da ke koyon muryar mutum don ta gane shi a taro na gaba ta kusanci wannan iyaka. Taron kwamitin masallaci ko na ƙungiyar 'yan gari, inda ake ambaton wanda ba shi da lafiya da wanda ake tara wa taimako, cike yake da irin waɗannan bayanai, ko da yake masu shi ba sa ɗaukar kansu a matsayin masu sarrafa bayanai. Fitar da bayanai ƙasar waje shi ma yana da sharuɗɗa, kuma yana cikin dalilan da NDPC ta bayar lokacin da ta ci kamfanin talabijin na Multichoice tarar sama da naira miliyan 766 a Yuli 2025. Tarar da doka ta tanada tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu sarrafa bayanai, duk wanda ya fi yawa, sai naira miliyan 2 ko kashi 2 ga sauran.

## Masu so, masu ƙi

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Wanda ke da taro biyar a rana ba zai riƙe komai a ka ba. Mai matsalar ji, da wanda Turancin sauri ke wuce shi, da wanda sabis ke yanke masa, duk suna samun abin komawa. Ƙaramin ma'aikacin da kullum shi ake ce wa "kai rubuta mana" yana samun damar sa baki. Kuma in gardama ta tashi kan wa ya ce zai biya kuɗin ajiyar kwantena a tasha, akwai abin dubawa.

Masu adawa, musamman lauyoyi da masu kula da ma'aikata, suna cewa abin da aka rubuta ana iya nemansa a kotu, tunda sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar bayanan kwamfuta. Suna kuma cewa mutane na kame baki in sun san ana naɗa, sai ainihin shawarar ta koma kiran waya bayan taro. Ga wanda ya tashi da jin malamai na cewa majalisa amana ce, wannan ba baƙon tunani ba ne. Matsayin da ofisoshi da yawa ke sauka a kai yana tsakiya: a yarda da manhaja ɗaya da kamfani ya tantance, a kashe shiga da aikawa ta atomatik, a sanar a farkon zama, a kashe ta in an zo batun ladabtar da ma'aikaci ko albashi ko shawarar lauya.

## Taƙaitawar inji da minit na sakatare

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba wa kamfanoni masu zaman kansu damar yin babban taronsu ta intanet, wata dokar ta 2023 ta faɗaɗa damar ga waɗanda ke sayar da hannun jari ga jama'a. Amma minit, wato rubutaccen rahoton taro, wanda doka ta sani shi ne wanda aka shigar a littafi shugaban taro ya sa wa hannu. Abin da inji ya fitar daftari ne. Aikin sakatare bai ɓace ba, ya koma na tacewa: ya duba lambobi, ya gyara sunaye, ya mayar da abin da aka faɗa da Hausa, ya cire abin da bai kamata ya shiga littafi ba. Wanda aikinsa buga rubutu ne kawai, shi ne abin zai fi taɓawa.

Ga mai zaɓe, amsar tana bin irin taronsa. Wanda duk tarukansa na cikin gida ne a manhaja ɗaya, ɗan gida ya ishe shi. Mai yawo tsakanin tarukan abokan ciniki, ga sabis mara tabbas, ɗan aike ya fi masa, muddin ya ɗaure shi kada ya shiga ko ya aika sai da umarni. Mai zaman ido da ido zai karkata ga ƙofa ta uku, da sharaɗin ya buɗe baki ya sanar. Wanda kuwa rabin taronsa da Hausa ake yi, gwaji ne zai raba masa gardama: a nemi izinin mahalarta, a naɗi minti goma na taro na gaske da manhaja biyu, janareta a kunne, mutum uku a kwamfuta ɗaya kamar yadda aka saba. Sannan a ɗauki biro a duba sunaye nawa suka fito daidai, lambobi nawa, wa aka ce ya faɗi me, da abin da taƙaitawar ta yi da wurin da Alhaji ya ce za mu duba.